Kumburin Idon Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu ji ta, muna saurare!

Rina ta yi gida a darnin lambun Kunkuru, can baya wajen gyaɗa. Kunkuru ya je yi mata barka da zuwa.

Ta ce, "Maƙwabci, in ba a girgiza darnin nan ba, ba ruwana da kowa."

Ya ce, "An gama." Shi dama ta ƙofa yake shiga.

Rannan sai ga Kurege riƙe da bakin wuta, ido ɗaya ya kumbura suntum.

Ya ce, "Abokina, mu ƙone muguwar nan kafin ta kashe ka!"

Kunkuru ya daɗe yana kallon idon. Ya ce, "Wata uku muna tare, ba ta taɓa ni ba. Kai me ya kai ka tsallaka darnina?"

Ƙurunƙus kan ɓera, gyaɗar Kunkuru ta kai kaka.