Likitan da Bakinsa Ya Yi Nauyi

An yi wani mutum a nan Zuru, likita ne, ba sai na kama sunansa ba. Ya yi karatu mai zurfi, aikinsa kuma ba a kushe shi. Da ya gaji da cunkoson asibitin gwamnati, sai ya buɗe nasa, amma irin na daban. Shi ba ya jiran ciwo ya kwantar da mutum. Manyan gari ke yin rajista da shi, shi kuma ya riƙa bin su har gida, yana auna jini, yana auna suga, yana tambayar abin da ake dafa musu. Duk sa'ad da suka buga waya, yana tafe.

Ya 'yan uwa, wannan sana'a ba ta da aibu. Tare ciwo tun bai iso ba alheri ne. Sai dai wanda ya saba cin tuwon gidanka, ya san sunayen jikokinka, bakinsa yakan yi nauyi. Likita ya lura cewa in ya ce wa mai gida lafiya ƙalau, har mota ake raka shi. In ya ce a rage nama da gishiri, sai fuska ta canza. Sannu a hankali ya koyi tauna magana har ta yi laushi, ya kuma sa wa halin suna mai kyau, wai kwantar wa majiyyaci hankali.

Cikin mutanensa akwai Alhaji Arzika, dattijo mai fataucin dawa da masara. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, har allura yake yi, ƙodarsa ma ta fara gajiya. Azumi ya gabato cikin tsakiyar zafi. Matarsa, Hajiya Fadima, ta tare Likita a zaure.

Ta ce, "Likita, kai kaɗai yake jin maganarka. Bara sau nawa ina ganin yana rawar jiki kafin magariba. Don Allah ka ce masa bana ya sha, ya ciyar."

Likita ya ce ta bar masa. Kuma ya san gaskiya ta faɗa, don shi ya yi awon da hannunsa.

Ya shiga ya tarar da Alhaji da baƙi. Ko gama buɗe jaka bai yi ba, Alhaji ya ce, "Ɗana, na san an zuga ka. Ni tun ina yaro ban taɓa shan azumi ba. So kake a ce Arzika na cin tuwo da rana kamar jinjiri?"

Baƙi suka yi dariya. Likita ya dubi dattijon, ya dubi baƙin, waɗanda rabinsu masu rajista da shi ne. Ya ce, "Haba Baba, ai jikinka ya fi na wani saurayin. Za ka iya. A dai kula."

Da ya fito, ya ce wa zuciyarsa ai ibada ya taimaka, shi wane ne da zai shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa? Gobe ma rana ce, zai dawo ya gyara maganar in babu baƙi. Bai dawo ba.

Ana cikin azumi Alhaji ya tafi kasuwar Ribah. Da rana ta take, gumi ya karyo masa, hannu ya ɗauki rawa. Abokin cinikinsa Lawwali ya kawo ruwa da dabino, ya ce, "Alhaji, karya shi, Allah ya gani." Alhaji ya ture hannun, ya ce, "Likitana ya ce zan iya." Aka roƙe shi, ya maimaita. Daga nan bai sake magana ba. Kafin a iso da shi Zuru, rai ya yi halinsa.

Ba wanda ya kai Likita ƙara, ba wanda ya zage shi. Amma a zaman makoki Lawwali ya ba da labarin yadda aka yi, duk wanda ya zo gaisuwa ya tafi da kalmomin nan. Da Likita ya durƙusa gaban Hajiya Fadima, ta amsa gaisuwarsa, ta ce, "Na bar maka, kamar yadda ka ce."

Likita ya tuba, ya shiga faɗa wa mutanensa gaskiya tsirararta. Ina! In ya ce wa mutum lafiyarka ƙalau, sai ya tafi wani wuri a sake aunawa. In ya ce akwai matsala, sai a ce kansa yake wankewa. Wayarsa ta yi shiru. Ilminsa yana nan, na'urorinsa suna nan, amma maganarsa ta mutu. To, likitan da aikinsa gargaɗi ne, me ya rage masa? Ya kulle wurin, ya bar garin.

Ya 'yan uwa, an rene mu a kan cewa ƙarami ba ya musa wa babba, kuma mai daurewa ya yi azumi cikin ciwo ya fi kowa lada. Wa ya gaya mana haka? Wanda ya wajabta azumi shi ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma ba mu fi shi sanin abin da yake so ba. Ajali na Allah ne, ba mai musu. Amma amana ta mutum ce, za a tambaye shi ita. Kunyar da ta hana ka faɗa wa dattijo abin da zai tsare ransa ba ladabi ba ce, tsoron rasa wurin zama ne.

Allah ya gafarta wa Alhaji Arzika, ya karɓi tubar likitansa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da harshen da ke faranta wa mutum rai yana halaka shi. Amin.