Dalilin da Ya Sa Ƙanshin Gasasshen Nama Ba Ya Ɓuya

Dalilin da ya sa ba a iya gasa nama a ɓoye, yarana, tsohon zance ne. Ku matso ku ji.

A can da, mutane ba su san gashi ba. In maharbi ya kaso nama, sai a yanyanka a ci ɗanye, ko a shanya ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi. Wuta kuwa ba ta shigo gari ba tukuna. Tana zaune a kan wani baƙin dutse a tsakiyar daji, tana ci ba itace, ruwan damina ma ba ya kashe ta. Ko giwa ta hango ta, sai ta sauya hanya.

A wani ƙauye a bakin dajin akwai maharbi mai suna Cindo, yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Tabawa, wadda tsufa ya kwashe wa haƙora. A wata shekara, fari ya cinye gero, babu ko na gumba, sai abin da daji ya bayar. In Cindo ya kawo nama, tsohuwa ta sa a baki ta yi ta juyawa, ta gaji ta fitar.

"Bar wahalar da kanka, ɗana," in ji ta. "Kai dai ka ci. Ni tawa ta ƙare."

Wata rana da hantsi Cindo ya harbi gada. Ta gudu da kibiya a jiki, ta haye baƙin dutsen, ta faɗi dab da Wuta. Cindo ya tsaya a gindin dutsen. Ya tuna yadda ya baro uwarsa kwance, sai ya hau.

Abin da ya gani ya fi ƙarfin baki. Tsayin Wuta ya wuce rimi. Gindinta shuɗi, tsakiyarta ja, kanta fari fat yana lasar sama, duwatsun da ke kewaye da ita suna tsagewa da kansu. Cindo ya zube ƙasa.

"Ɗan mutum," in ji Wuta, muryarta kamar rugugin hadari, "me ya kawo ka inda zaki ba ya zuwa?"

"Ranki ya daɗe, gadata na biyo. Uwata yunwa za ta kashe. Ga nama, amma ba haƙori."

Sai Wuta ta miƙa harshe guda ta lashi cinyar gadar. Fata ta tsage, kitse ya narke yana tsiyaya, naman ya yi jawur.

"Taɓa," in ji ta.

Ya sa yatsa, naman ya yage kamar nunanniyar gwanda. Ya kai baki, sai hawaye, don bai san akwai irin wannan daɗi a duniya ba. Sai dai a lokacin gashin ba shi da ƙanshi ko kaɗan.

Wuta ta gangaro masa da garwashi ɗaya cikin ƙoƙon bayan kunkuru. "Tafi da shi, ka ba shi itace. Amma ka ji sharaɗina. Ni ban taɓa cin abu a ɓoye ba. Abin da na gasa maka, kada ka ci ka hana maƙwabci."

Cindo ya yi alkawari. Amma a hanya ya yi tunani: gari duka na yunwa, gada kuwa ɗaya ce. Da isarsa ya ja asabari, ya toshe kowace kafa da ciyawa, ya hura garwashin ya gasa. Inna Tabawa ta ci, ta ƙara, har ta tashi zaune da kanta.

"Maƙwabta fa, ɗana?"

"Sai gobe, Inna."

Sai wata 'yar murya ta fito daga garwashin: "Cindo, ba haka muka yi da kai ba."

Wutar ta yi wa naman numfashi sau ɗaya. Wani abu ya tashi wanda hanci bai taɓa ji ba. Ya ratsa jinka, ya bi lungu-lungu. Jariri mai kuka ya yi tsit. Tsofaffi a gindin tsamiya suka ɗaga kai. Masu kwance saboda yunwa suka miƙe suna bin iska, har gari ya taru a ƙofar Cindo.

Maƙwabcinsa Dogara ya ce, "Gafara dai, masu gida. Cindo, mene ne wannan da ya kira mu ba da murya ba?"

Kunya ta hana Cindo ɗaga ido. Inna Tabawa ta karɓi wuƙa daga hannunsa. "Buɗe musu," in ji ta.

Ta yanka ƙanana-ƙanana, kowa ya samu. Suka ci tsaye, wasu na share ido. Da za su watse, kowa ya ɗauki garwashi ya kai gidansa, kuma da gashin naman daji suka ga bayan farin nan.

Shi ya sa har yau mai tsire ba ya buƙatar shela, hayaƙinsa ke yi masa. Kai ma ko a ƙuryar ɗaki ka gasa, ka rufe ƙofa da taga, kafin ka kai loma ta biyu za ka ji ana sallama.