Manomin da Hancinsa Ke Jin Ruwa

Akwai wani manomi a wani ƙauye wanda ya ce duk duniya babu na'urar da ta kai hancinsa sanin ruwan sama. In ya fito ya shaƙi iska, sai ya ce, "Ruwa yana bayan dutsen can, takalmi yake nema." Yakan ce tun yana goye, in ya yi atishawa hadari yake haɗuwa. Ko shamuwa, in ji shi, ba ta sauka a garin sai ta leƙa gidansa ta tambaya ko lokaci ya yi. Mutane suna dariya, amma suna bin maganarsa, gama shekara da shekaru in ya ce a yi binne, akan yi, ruwa kuma ya zo. Binne kuwa, ku 'yan birni, shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, domin ruwan fari ya tarar da shi a kwance.

Wata shekara malamin gona ya zo ya tara jama'a. Ya ce, "Duniya tana ƙara zafi. Hayaƙin masana'antu da na motoci ya taru a sama kamar bargo, zafi ya shigo ba ya fita, mu kuma muna ta saran itatuwa. Damina ta bar tsohon lokacinta. Bana ruwan fari zai sauka, sa'an nan ya ɗauke. Kada ku yi binne. Ku jira ƙasa ta sha sosai. Ga iri mai saurin nuna na kawo, mai so ya zo."

Manomin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Bargo a sama! Wa ya shanya shi? Ni dai gobe zan binne irina kaf, ko ƙwaya ba zan bari a rumbu ba."

Akwai kuwa wata gwauruwa, Alisabatu, matar wansa marigayi. Irinta ɗan kaɗan ne a tukunya, ta hana marayunta taɓa shi duk tsawon bazara, ko ran da tuwo bai ishe su ba. Ta je wurinsa ta ce, "Ƙanen miji, ka tabbata? Wannan kaɗai gare ni fa."

Ya ce, "Haba matar yaya! Hancin nan ya taɓa ba ki kunya?"

Ta ce, "In ban da minshari a cikin sujada, a'a."

Ta binne irinta duka. Haka ma sauran gari.

Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, manomin yana yawo a kasuwa yana shafa hanci. Sa'an nan sama ta rufe bakinta. Rana ta buɗe, irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani a wannan wata ba. Tsiro ya lanƙwashe, ya bushe, iska ta kwashe shi. Da ruwan gaske ya dawo, ƙasa ta jiƙu sharkaf, amma babu abin zubawa a ciki. Irin malamin gona ma ya ƙare, ƙauyukan maƙwabta sun kwashe.

Alisabatu ta tafi neman ƙanen mijinta. Ta same shi yana fitowa daga gonarsa ta bayan rafi, inda mutane ba su cika bi ba. Ta ce, "Ka taimake ni da iri, ko cikin ludayi ne."

Ya ɓata fuska kamar zai yi kuka. "Wayyo matar yaya, tare muka ƙone! Duba, babu komai!" Ya ware mata hannuwansa biyu.

Tafin hannunsa jawur.

To, irin da malamin gona ke rabawa ana shafe shi da jan magani saboda ƙwari, kowa a garin ya san haka.

Ta ce, "Ƙanen miji, lalle ka fara sawa?"

Ya ce, "Zoɓo ne... zoɓo na jiƙa."

"A gona?"

Ta kama aljihun rigarsa ta juye, jajayen ƙwayoyi suka zubo, ba su fi a ƙirga ba. Sauran duk yana cikin ƙasa. Ashe tun ranar da ya yi dariyar nan ya zagaya ta bayan gari ya karɓi nasa, binne kuwa a 'yar kusurwa ta bakin hanya kaɗai ya yi, inda ido zai gani.

Ta zauna a kan kunyar gona. "Ashe ka yarda da maganarsa! Ka yarda, ka dubi idona, ka bar ni na binne abincin 'ya'yan wanka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "In na ce hancina ya daina ji, wa zai ƙara gaishe ni a kasuwa?"

Ga ma'anar misalin, ya ku ƙaunatattu. Ƙasa amana ce daga wurin Ubangiji, mu kuwa mun cika samanta da hayaƙi har lokatan shuka sun rikice. Masana sun auna, sun yi gargaɗi. Abin tsoro shi ne, yawancin masu cewa "babu abin da ya canja" sun fi kowa sanin ya canja. Babban mutum yakan musa a bainar jama'a, ya koma ya ɗaga harsashin gidansa saboda ambaliya. Wanda ya gaskata shi, shi ne ruwa ke ci, shi ne fari ke kamawa. Alisabatu ba ta da mota, ba ta da masana'anta, amma gonarta ce ta kwana babu shuka.

Kada kuma mu tsaya nuna manya da yatsa. A cikinmu akwai wanda ya ji sanarwar yanayi a rediyo ya gyara nasa shiri, ya yi shiru don kada a ce ya bar hanyar kakanni. Wannan shirun zunubi ne. A wannan mako, kafin ka shiga gonarka, ka biya gidan gwauruwar da ke kusa da kai, ka faɗa mata abin da ka ji, ka kuma tambaye ta ko tana da iri.