Ƙayar Beguwa Mai Jini

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun gabas, an yi wani sarki mai suna Jatau. Birninsa ba shi da rijiya ko ɗaya, sai wani tafki da aljana Gwamma take tsaro. Tun kaka da kakanni akwai alkawari tsakaninta da mutanen garin: duk bazara yara za su fita daji da ƙoƙuna su tsinto mata gashin zabuwa da saɓar maciji da ƙayar beguwa. Sharaɗin ɗaya ne, sai abin da daji ya yar da kansa. Ba a fizga, ba a kashewa. Yaron da ya riga kowa haɗa ukun shi ke miƙa mata, a yi ta yi masa kirari har shekara ta zagayo.

Damuwar Sarki ita ce autarsa, Kyauta. Shekara uku tana fita, kullum ita ce ta ƙarshe, ta dawo tana kuka. A ta huɗu, ana saura kwana goma a ɗaura auren yayarta Hansatu, ya kira Sarkin Baka a asirce, ya sa shi ya harbo zabuwa da beguwa, ya zuba kayan a hanyar da yarinyar za ta bi.

Kafin hantsi Kyauta ta iso bakin tafki da gudu, tana dariya, jama'a na guɗa. Aljana ta fito daga ruwa, doguwa, gashinta har ƙasa. Ta ɗauki ƙayar ta juya gindinta, sai ga jini.

Ta ce, "Ya ke 'yar sarki, hannunki mai tsabta ne. Amma wannan ƙaya daga jikin mai rai aka zare ta, kuma wanda ya ba da umarnin yana tsaye a nan da rawani. Na janye ruwana har sai ya faɗa da bakinsa, ya kuma tsinto da hannunsa."

Nan take tafki ya tsotse, ya zama taɓo. Kyauta ta dubi ubanta. Ya sunkuyar da kai, ya juya ya koma gida.

Kwana uku bai fito fada ba. Daga ɗakinsa yana jin kukan shanu da ƙarar tulunan da mata ke mayarwa gida ba ko ɗigo. Shirin biki ya tsaya, don a garin ba a wanke amarya sai da ruwan tafki. A rana ta huɗu ya fito, ya sa aka tara yara a ƙofar fada, ya cire rawani da takalmi.

Ya ce, "Ni na yi. Na cuce ku, na cuci 'yata. Ban san daji ba, ina roƙon ku nuna mini."

Suka shiga daji da shi. Ya yi ta sunkuyo yana tsintar abin da bai sani ba, ƙaya na sukarsa, gumi na zuba a gemunsa. Ya ɗago wani busasshen abu yana murna, wata yarinya mai giɓi ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɓawon rama ne, ba saɓa ba." Yara suka toshe baki. Ya yar da shi, ya ci gaba. Gashin zabuwa ya samu a gindin ƙirya, saɓa a bakin suri. Ƙayar beguwa kuwa sai da ya yi kwana biyu yana nema.

Duk wannan lokaci Kyauta tana bayan kowa, ba ta yi masa magana ba. Da la'asar a rana ta biyu ta tsaya kusa da wani rami, ta ce, "Baba, kai sama kake ta kallo. Dubi ƙasa." Ya durƙusa, ya tona ganye da yatsunsa, ya samu.

Suka koma bakin tafki, ya miƙa kayan. Aljana ta karɓa, ta duba gindin ƙayar, ta nutse. Ruwa ya ɓuɓɓugo har ya taɓa saiwar itatuwa. Aka wanke Hansatu, aka ɗaura aure, aka yi kwana bakwai ana shagali. Da maroƙa suka fara wasa Sarki, ya ɗaga hannu ya tsayar da su, ya ce a bar sunansa ya huta bana. Ya koma gefe ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, Kyauta ta ɗauko allura ta shiga cire masa ƙaya.