Bari A Gama Labarai

Akwai wani dattijo a Babura, Malam Maikasuwa, tsohon dillalin hatsi da ya bar wa ƙannensa sana'a ya zauna gida. Tun daga nan ba shi da aboki kamar ɗan ƙaramin rediyonsa, wanda aka ɗaure marfin batir ɗinsa da roba.

Gaskiya mutumin ya san duniya. Ka tambaye shi dalilin rufe boda da Nijar, ko abin da ya sa kuɗin sefa ke hawa, sai kai ka gaji. A majalisarsu ta gindin darbejiya tsokanarsa suke yi, wai gidan rediyo mai tafiya da ƙafa.

Amma yana da wata ɗabi'a. Da an fara labarai, sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, kowa ya yi shiru. Matarsa Kaltume ta fi kowa sanin yatsan nan, don shekara talatin da biyu ke nan tana haɗiye magana saboda shi.

Wata safiya ta kawo masa koko tana jan ƙafa.

Ta ce, "Malam, ƙafafun nan nawa kwana biyu..."

Ya ɗaga yatsa. "Bari a gama labarai."

Da aka gama ta ƙarasa, ta ce kumbura suke yi. Ko kallon ƙafar bai yi ba.

Ya ce, "Zafi ne. Yanzu suka gama faɗa, bana duniya duka ta ɗauki zafi. Ki riƙa shan ruwa."

Bayan wata guda tuwon gidan ya canza. Kaltume ta kasa riƙe muciya, maƙwabciyarsu Dela ce ke tuƙawa tana miƙowa ta katanga. Malam ya kai loma, ya girgiza kai.

"Masarar bana ba ta da daɗi. Taki ya yi tsada, manoma ba su zuba ba."

Kaltume ta ce, "Haka ne, Malam."

Dela ce abin ya isa. Ta tare shi a zaure ta ce, "Malam, don Allah ka ko lura da yadda Kaltume ta zabge?"

Ya ce, "Wa bai rame ba a ƙasar nan, Dela? Tun da aka cire tallafin mai, kowa wuyansa ya yi tsawo."

Jama'a, wannan amsa ita ta fi ƙona mini rai. Ba mugu ba ne, bai taɓa zaginta ba. Kawai duk abin da ya faru a gidansa, sai ya nemo masa dalili a rediyo, ya ɗauka ya gama da shi.

Ran wata Laraba Kaltume ta zauna a kan turmi ta ce, "Malam, in an gama ina da magana."

Ya ɗaga yatsa. A ranar aka ce a labarai ana shirin buɗe boda. Ana gamawa ya zura takalmi ya nufi majalisa don kada wani ya riga shi kai labarin. Ya bar ta zaune a kan turmin.

Kwana huɗu bayan haka 'yarsu Sadiqa ta zo daga Kazaure, inda take aure. Tana ganin uwarta ta saki jaka. Ta danna yatsa a ƙafar Kaltume, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

Ta juyo tana kuka. "Baba, tun yaushe Inna take haka?"

Malam Maikasuwa ya san ranar da aka rufe boda, har da ƙarfe nawa aka sanar. Wannan kuwa bai sani ba.

Aka kai ta asibiti a Kazaure. Likita ya ce ciwon ƙoda ne, kuma ya riga ya ci jikinta. Malam ya bar rediyo a gida, ya tare a gefen gadonta.

Ya ce, "Kaltume, maganar nan da kika ce kina da ita. Faɗa mini, ina ji."

Ta dube shi. Numfashinta ba ya isar ta doguwar magana.

Ta ce, "Ba komai, Malam. Ka ci abinci?"

Kwananta tara Allah Ya karɓi abarsa.

Washegari ana zaman makoki a ƙofar gida, ƙaninsa Sama'ilu ya kunna rediyo don a ji ko an karanta sanarwar rasuwar da suka aika. Mutane na ta gaisuwa, sai aka ji mai gabatarwa ya ambaci sunan Kaltume, matar Malam Maikasuwa na Babura.

Yatsan Malam ya tashi sama da kansa. Kowa ya yi tsit. Aka ce ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar miji da 'ya ɗaya da jikoki uku. Malam ya saurara har ƙarshe.

Da ya sauke yatsan, hawaye sun jiƙa masa gemu.

Ya ce, "Sama'ilu, shekara talatin da biyu tana gabana tana son magana. Sai yau na saurari labarinta har ƙarshe, a bakin mutumin da bai taɓa ganinta ba."

Darasi: Labaran duniya ana maimaita su da rana, a sake da yamma, amma wanda ke gidanka ba kullum zai sake cewa yana da magana ba. Rage sautin rediyo, ajiye waya, ka dubi iyalinka ka saurare su tun suna iya faɗa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila yau akwai wadda ke zaune tana jiran a gama labarai.