Murfin Kwalba a Aljihun Mordekai

Mordekai ɗan Clara ne, maƙwabciyata a Palladan. Katanga ce kawai ta raba mu, saboda haka a gabana ya yi rarrafe, a gabana ya fito da gemu. Yaro ne mai ƙarfin hannu da saurin gane abu. Amma yana da wani mugun hali da na tsana tun yana ƙarami: ba ya iya cin wasa da gaskiya. Ko lido suke yi a ƙofar gida, ko da shi ne a gaba, sai ya faki ido ya ƙara tura ɗan lidonsa gaba. Na sha murɗe masa kunne a kan haka. Sai ya yi dariya ya ce, "Iya, ai dama ni zan ci."

"To in kai za ka ci, satar ta mece ce?"

Sai ya ƙwace kunnensa ya koma wasa.

Da ya girma sai ya shiga wasan kurket. Ni ban yi boko ba, amma na daɗe ina sayar da lemo da ruwan sanyi duk Asabar a bakin filin da suke wasan a Samaru, har idona ya gane shi. Wani zai rugo ya jefa wata jar ƙwallo mai tauri kamar dutse. Wani kuma yana tsaye da faffaɗan katako, yana kare sanduna uku da aka kafa a bayansa. In ƙwallon ta kayar da sandunan, mai katako ya fita. Duka fararen kaya suke sawa, riga da wando. Mordekai mai jifa ne, kuma duk filin babu kamarsa.

Mai koya musu, Malam Akinola, ya taɓa yi mini bayani yana shan ruwa a gindin tebur ɗina. Ya ce an yarda mai jifa ya goge ƙwallon a jikin wandonsa. Abin da aka hana shi ne ya karce ta da wani abu, domin in gefe ɗaya ya yi kaushi, sai ta riƙa karkacewa a iska, mai katako ya rasa inda za ta faɗo. Ya ce, "Iya, a wasan nan wanda ya yi haka ɓarawo ne, ba shi da wani suna."

A ƙarshen shekarar 2006 wani saurayin Bature ya zo daga Ingila. Kurket ce sana'arsa, da ita yake ci yake sha. Lokacin sanyinsu ba a wasa, shi ne ya zo koya wa yaranmu. Rana ta mai da shi ja kamar tattasai, amma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Shi da kansa yake share fili. Ƙungiyarsu ta can ta ce ya zaɓi yaro ɗaya da zai je ya yi musu wasa. Aka sa ranar gwaji. Kowa ya san tsakanin Mordekai ne da Uzoma, wani mai katako, ɗan masu sayar da kayan mota a Sabon Gari.

Clara ta wanke fararen kayan ɗanta, ta sa musu bula, ta goge su da dutsen guga na gawayi har suna ɗaukar ido. Ranar ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi, ta kuma gayyato matan zumunta su zo su ga ɗanta.

Kafin a fara, Mordekai ya zo ya sha lemo. Da na buɗe masa kwalbar, ya sunkuya ya tsinci murfin.

Na ce, "Kai Mordekai, murfin ma sha za ka yi?"

"Iya, na sa'a ne," in ji shi, ya jefa a aljihu yana murmushi.

Aka fara wasa. Mordekai ya riƙa sa hannu a aljihu, ya juya baya, ya murza ƙwallon. Ba a jima ba ta fara tafiya kamar maciji. Masu katako suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya. Matan zumunta suna guɗa, Clara tana taka rawa. Da Uzoma ya shigo, jifan farko ya wuce shi ko taɓawa bai yi ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Mordi, wannan ƙwallon taka ta sha burkutu ne?" Kowa ya yi dariya, ban da Baturen.

Can Uzoma ya samu ya maka mata katako, ta dawo ƙasa-ƙasa wajen Mordekai. Ya yi tsalle zai cafke, sai ya faɗi a kan cinyarsa ta dama. Ya ƙwalla ƙara. Haƙoran murfin sun huda aljihu sun shige naman cinya. Jini ya fito a farin wandon nan, har mu da muke bakin fili muna gani.

Baturen ne ya fara isa wurinsa da gudu. Ya durƙusa zai duba ciwon, sai ya zaro murfin. Ya dube shi. Ya ɗauki ƙwallon, sabuwa ce da ya zo da ita daga ƙasarsu, ya juya ta, ya ga gefe ɗaya duk karce. Bai yi faɗa ba. Ya ciro hankicinsa ya ɗaure wa yaron cinya. Sannan ya sa masa murfin a tafin hannu, ya miƙe ya bar filin.

Malam Akinola ya tsaya a kan Mordekai. Ya ce, "Tir da kai! Tun jiya mutumin nan ya faɗa mini kai ya zaɓa. Cewa ya yi ko sanda ɗaya ba ka kayar ba yau, kai ne. Me ka rasa?"

"Malam, na so ne in tabbatar."

"To ka tabbatar."

Ni dai tsaki na yi, na tofar da yawu. Matan zumunta suka sulale, babu wadda ta yi wa Clara sallama don kunya.

Uzoma ne ya tafi Ingila. Mordekai kuwa ba a sake ba shi ƙwallo a filin ba. Da yamma ranar gwajin ina jin su ta katanga, shi da uwarsa. Ya cire wandon ya ajiye wa uwarsa a bakin rijiya kamar yadda ya saba. Ta tura masa bokiti da ƙafa ta ce, "Na wanke maka ƙasa, na wanke maka gumi. Wannan kam kai za ka wanke." Ya cuɗa har hannunsa ya gaji, tabon bai fita ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. 'Ya'yana, ha'inci ƙazanta ne, kuma ba ya tsayawa a inda ya fara. Yaron da ya saci gida ɗaya a lido aka yi masa dariya, shi ne zai saci abin da ya fi haka ranar da idon duniya yake kansa. Mordekai ba rashin iyawa ne ya kayar da shi ba. Abin da Allah ya ba shi ya ishe shi, shi ne ya raina, ya haɗa da sata, ya rasa duka, ya kuma zubar da mutuncin uwarsa a gaban ƙawayenta. Ku yi aikinku da hannu mai tsabta. Iyaye kuma ku hana tun abin yana ƙarami.