Nomau Wanzami da Haƙorin Tasalla

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a ganin likita sai an ƙetare gulbi an shiga birni. Sunansa Nomau, wanzami ne. Zabirarsa ta sha faci, rigarsa ma haka, amma bawan Allah ne, jama'a, bawan Allah. Yana aski, yana ƙaho, in haƙori ya dami mutum yakan sa awartaki ya fitar. Shi ne wanzamin gidan Sarkin Fawa Cindo tun kaka da kakanni, kuma a gidan nan yake samun abin kai wa bakin salati.

Shi Cindo hannunsa a buɗe yake, kunnensa a toshe. Zai ba ka, amma ba a ce masa a'a.

To, a gidan akwai Tasalla, matar ɗansa. Mijin ya yi kudu da shanu, ya bar ta da cikin fari. Kun san kunyar cikin fari: ita ba ta faɗa, mata ba sa faɗa, surukin nata ma bai sani ba. Da cikin ya fara ƙwari sai dasashinta ya riƙa jini in ta yi asuwaki. Iya Gwamma, yayar Cindo, ta ce, "Ajiye icen nan! Mai ciki ba ta zubar da jini." Ta ajiye. Ga kuma kwaɗayi, kullum mazarƙwaila na cikin kumatu. Haƙori ya ruɓe, ciwo ya tashi. Iya ta ce, "Kowane ciki da haƙorinsa, dubi bakina." Aka yi ta cusa kanumfari, ana gasa kuncin da tsumma mai zafi, kumburi kuwa sai gaba yake yi.

Ranar da nishinta ya kai zaure, Cindo ya aika a kira Nomau. Da ya zo, mahauta na zaune, Cindo ya ce, "Shiga ka cire wa yarinyar nan haƙori. Kafin azahar nake son in ji shiru."

Ku saurara nan, har da ku masu gyangyaɗi a baya.

Nomau ya shiga, ya duba ta. Kumburin ya bar kunci, ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri. Jikinta zafi rau. Ya ce, "Buɗe bakin, 'yata." Ta yi iya yinta, ko yatsa bai shiga ba. Yawu na zuba, ta kasa haɗiyewa. Da ƙyar ta ce, "Baba, numfashina."

Iya Gwamma ta matso ta rage murya. "Wanzam, ba ita kaɗai ba ce. Amma kada in ji maganar nan a waje."

Ya ce, "Iya, wannan alkawarin ba zan ɗauka ba."

Ya tsaya da awartaki a hannu. Jama'a, ga inda Shaiɗan yake zuwa da lallami. Zuciya ta ce masa, ɓamɓare bakin ka ja, ko ka kafa ƙaho ka ce ka yi magani. In ta tashi, sunanka ne. In ba ta tashi ba, a ce kwana ya ƙare. Wa ya taɓa tuhumar wanzami? Nomau ya ji tsoro, tsoro na gaske, don ya san halin Cindo. Amma ya san wannan ciwo ya fi ƙarfin hannunsa. Ya mai da awartaki zabira ya fito.

Cindo ya ce, "Har ka gama?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ta ba. Ban iya ba."

Cindo ya zare masa ido.

"Ba ka iya ba? Ubanka ya cire wa ubana haƙori a nan inda kake tsaye!"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Wannan ya wuce haƙori. A kai ta birni yau."

"Matar gidana ba ta ƙetare gulbi a kan haƙori. Koma ka yi aikinka, ko kuwa ka ɗauki zabirarka, kada in sake ganin ta a gidan nan."

Nishin yarinyar na shigowa ta ƙofa, yana ƙara gajarta. Nomau ya dubi mahauta, ya dubi ƙasa. Maganar da ta rage masa magana ce da ba a yi wa suruki a gaban mutane. Ya daure ya yi ta.

"Ranka ya daɗe, rai biyu ne. Jikanka na cikinta. In kumburin nan ya shaƙe ta, gawa ɗaya za ka ɗauka, amma mutum biyu za ka binne."

Mahauta suka sunkuyar da kai. Cindo ya miƙe cikin fushi da kunya. Can ya daka tsawa, "A ɗaura amalanke!" Sannan ya nuna wa Nomau ƙofa. "Kai kuma ka tona mini asiri a cikin zaurena. Fita."

Nomau ya fita. Ya koma gida ya kasa cin abinci, kunnensa na kan hanyar gulbi. Duk wanda ya taho daga can sai ya tare shi, ba labari. Sai da aka kwana biyu mai amalanke ya dawo ya ce an tsaga kumburin, mugunya ta fita, an cire haƙorin, kuma likita ya ce ciki ba ya hana a duba baki.

Tasalla ta tashi. Watanni suka cika ta haifi 'ya mace.

Kuna jira in ce Cindo ya nemi gafara, ko? Bai nema ba. Ranar suna wani wanzami aka ɗauko daga ƙauye ya yi askin. Nomau na zaune ƙofar gidansa, guɗa na tashi a gidan Cindo. Wani mahauci ya zo wucewa ya tsokane shi, "Nomau, gaskiya ta cinye maka gidan Sarkin Fawa."

Ya ce, "Uwar ce ke riƙe da jaririyar?"

"Ita ce."

"To, alhamdu lillahi." Hawaye na zubo masa, yana murmushi.

Jama'a, gaskiyar da ta fi nauyi a baki ita ce mutum ya ce ban iya ba. Nomau ya faɗe ta, ya rasa gidan da yake ci, ya ceci rai biyu, ladansa kuma yana wurin Wanda ba ya mantuwa. Mu fa? Nawa ne cikinmu matarsa na da juna biyu, tana riƙe da kunci, yana cewa ta yi haƙuri sai ta sauka? Iyayenmu mata, ku bar hana su asuwaki. Jinin dasashi ba dalilin barin tsabta ba ne, dalilin zuwa a duba ne. Kai mai sana'a, in abu ya fi ƙarfinka, ka faɗa. Kai maigida, in ka koma gida yau, kafin ka tambayi tuwo, ka tambaye ta inda ke mata ciwo. Allah Ya sa mu fi ƙarfin girman kanmu.